Tagar Yamma da Ƙofar Ƙarfe

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara, da aikin asibiti. Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Yaya, akwai labarin da ya fi ƙarfin waya, sai takarda.

Ranar Talatar da ta wuce rayuwata ta sauya. Ina zaune a falo, a 'yar kusurwar da ta rage mini tsakanin firizar mai sayar da ƙanƙara da firjin nan mai ƙofa biyu, ina babin ƙarshe na wani littafi, sai na ji ana buga turaku a gefen gida. Na leƙa, sai ga mijina da wani dattijon magini, sun ja igiya daga bangon falo har gindin bishiyar lemo. Da mijin nawa ya shigo na tambaye shi, ya ce ɗaki za a ƙara, ya wanke hannu ya fita. Ko kallona bai yi ba.

Kin gane? A duk littafin da na karanta, namijin da ke shirya wa matarsa abin mamaki ba ya iya haɗa ido da ita. Kuma watan jiya na ce masa, da ina da ɗakin karatu mai taga tana kallon faɗuwar rana, da na gama samun duniya. Lokacin yana kwance a bayan wani firji, ya ce "uhm". Na ɗauka da injin yake, ashe ajiye maganar ya yi a zuciya.

Kin san falona. Firji bakwai na mutane ke ciki suna jiran gyara, tunda shagonsa na kasuwa ba ya ɗaukar fiye da uku. Baƙi a tsaye suke gaisawa. Littattafaina ma cikin wani mataccen firji daga cikinsu nake ajiye su saboda ɓeraye. Amma yanzu duk na yafe masa.

Ba zan nuna na gane ba, kada in ɓata masa shiri. Sai dai namiji bai san kan taga ba. Don haka idan ya tafi shago, nakan kai wa magini shayi, in ɗan yi masa nuni.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Takardarki ta same ni ina tsakiyar wanki. Na karanta sau biyu, na farko don in gane, na biyu don in ƙara dariya.

Mijinki ba ya haɗa ido da kowa. Ranar da ya fara zuwa gaida Baba, fankar sama yake kallo, har ya ce tana bukatar mai. "Uhm" ɗin nan kuwa, in yana bayan firji ko gobara kika ce masa haka zai amsa.

Ki zaunar da shi yana cin abinci, ki ce: ɗakin nan na mene ne? Shi ke nan aikin. Kuma ki bar bawan Allah magini ya yi gininsa. Tun kina ƙarama haka kike. Kin manta da kika kwana biyu ba ki ci abinci ba don wata yarinyar littafi ta ɓata a tasha, har Mama ta karanta miki shafin ƙarshe kafin kika yarda kika buɗe baki?

Ki gaida ƙanin nawa.

Yayarki

*

Yayata abar ƙauna,

Sallama da fatan alheri. Ban ji haushin takardarki ba. Ke ma'aikaciyar asibiti ce, kin saba da tambayar mutum kai tsaye ina ke masa ciwo. Soyayya ba haka ake mata ba.

Gini ya kai linta, wato saman ƙofa. Na sa magini ya buɗe taga a bangon yamma, doguwa, samanta a lanƙwashe kamar jinjirin wata, da dakali a gindinta inda zan zauna da littafi. Da farko ya tsaya yana sosa ƙeya, ya tambaye ni ko maigida ya sani. Na ce masa maigida ya fi kowa sanin abin da ke zuciyata. Ya ce to, ya ɗauki guduma.

Akwai abubuwan da suka ɗan ɗaure mini kai, amma na warware su. Ƙofar da ke kallon titi ta ƙarfe ce, faɗinta ya isa mutum huɗu su jera. Wannan don shigo da kantocin littattafai ne. A bakinta babu matakala, sai gangare na siminti, kin ga mijina ya yi tunanin ranar da zan yi nauyi ke nan, har na ji kunya. Ramukan soket guda goma sha biyu ne suka fi ba ni wuya. Na kwana biyu ina tunani kafin na gano fitilu zai jera mini.

Abin da ban gane ba shi ne, jiya na tarar an toshe rabin tagata da bulo. Magini ya ce umarnin safe ne. Na san gwada ni ake yi. Na sa ya cire, na kuma zaɓi fenti ruwan hoda.

Taki har kullum,
Auta

*

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ana kasuwa lafiya. Na rubuto ne saboda da safe kana sauri, da yamma kuma na riga na tashi.

Ranka ya daɗe, shekarata talatin ina gini, ban taɓa gina bango ɗaya sau uku ba sai a gidanka. Da safe ka ce a toshe bangon yamma, rana tana lalata kaya. In toshe. Da hantsi uwargida ta kawo shayi, ta ce a buɗe, rana ce ake nema. In buɗe. Bulon wurin har ya gane ni.

Na ɗauka kuna shawara a tsakaninku, don duk wanda na tambaya sai ya ce ɗayan ya sani. Jiya ne na tambayi uwargida ko firiza nawa za a jingina a dakalin, don in san ƙarfin da zan ba shi. Ta dube ni kamar na zage ta, ta ajiye shayin ta shige ciki. Yau ba a kawo shayi ba.

Ga bokitin fenti ruwan hoda an sauke. Ba zan buɗe shi ba, kuma ba zan ƙara taɓa bangon yamma ba, sai na gan ku ku biyu a tsaye a gabansa lokaci ɗaya.

Na gode. Allah ya ƙara rufin asiri.

Magini

*

Yaya,

Sallama. Kar ki yi dariya, ko ki yi, amma kar ki gaya mini.

Ma'ajiyar firji ce. Tun farko ita ce.

Jiya da rana mijina ya dawo gida da takardar magini a hannu, abin da bai taɓa yi ba. Muka tsaya a cikin ginin, ni ina gefen taga, shi yana gefen ƙofar ƙarfe, magini yana zaune a kan buhun siminti kamar alƙali. Na yi masa tambayar nan taki. Ya ce wurin ajiye kayan gyara ne, yana so ya kwashe firjin nan duka daga falo. Wai tun ranar da ƙawata ta zo ta rasa wurin zama, ta ɗare kan firiza da jaririnta, abin ke damunsa. Na ce me ya sa bai faɗa ba. Ya ce ya ɗauka a bayyane yake, wa zai yi wa ɗakin kwana soket goma sha biyu?

Na tuna masa maganar ɗakin karatu. Wallahi Yaya bai ma ji ta ba. Sai kuka ya kufce mini, kuma ba irin na littafi ba mai hawaye ɗaya a kumatu, irin mai majina. Magini ya tashi ya ce zai je duba yashi.

Mijina ya daɗe yana kallon tagar. Ya shafa lanƙwasar da hannu, ya ce aikin ya yi kyau. Daga nan ya juyo, ya dube ni cikin ido, ya ce:

"To ki riƙe ɗakin. Firji sun saba da falo."

Kin ji fa. Maganar da na yi shekaru ina karantawa, ga ta an faɗa mini, da baƙin mai a goshin mai faɗin. Na ce ya ba ni kwana ɗaya.

Na koma falo na zauna a kusurwata, gwiwata tana dukan firiza. Na yi ta hango kaina a dakalin nan ni kaɗai, rana tana faɗuwa, shi kuma yana nan yana rarrafe tsakanin firji bakwai, baƙinmu a tsaye. A littafi, da an ba ta ɗakin sai a rufe babi. Ba a taɓa faɗin inda aka kai kayan ba.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Ban yi dariya sosai ba. Me kika ce masa? Ki kira ni a waya, don Allah, takarda tana da nawa.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama. Takarda dai.

Yau da safe na kai wa magini shayi, mijina yana tsaye a wurin, na faɗa a gabansu su biyu. Taga tana nan, zan sa mata labule mai kauri saboda kayansa. Dakali nawa ne, ba a ɗora masa ko sukurudireba. Fenti an riga an saya, don haka zai yi gyaransa cikin ruwan hoda, bai ce komai ba sai "uhm". Mataccen firjin littattafaina shi kaɗai zai zauna a falo.

Sauran shida na ce a shigar da su gobe.

Auta