Tuwo Mai Gudaji a Langa Biyu

Zuwa ga maiɗakina, marigayiya Asabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ni ne dai mijinki mai wankin hula, wanda kika bari da taurin kansa. Rubutun nan da kike wa dariya ne, na yaƙi da jahilci, har yau bai gyaru ba. An ce za a sa shi a waya mutane su karanta. To, su karanta. Ni da ke nake.

Shekarar nan da kika tafi ba ta zo mana da sauƙi ba. Masara ta yi tsadar da ban taɓa gani ba. Masu aiki a Abuja da yawa can suke kwana saboda kuɗin mota. Hula ma an daina kawowa wanki, kowa ya koma goge tasa da buroshi. Duk wannan na shanye. Abin da ya tsaya mini a rai zaurenmu ne.

Kin san yadda muke tun kina amarya. Ana sallame magariba sai a shimfiɗa tabarma, kowane magidanci ya fito da langar gidansa, a jera, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana sa hannu tare. Baƙo in ya biyo ba a tambayarsa daga ina, sai ya wanke hannu. Ke ce mai cewa kwano in ya ƙetare bakin ƙofa ya tashi daga na mai shi.

A bana ciyayyar nan ta watse. Alhaji Ɗanladi mai taya ne ya fara janyewa. Ya sa ƙofar ƙarfe, ya koma ci a tebur da cokali, wai likita ya hana shi tuwo. Likitan dai bai hana shi kaza ba, ƙamshin na isowa har ɗakina. Ban manta ba, lokacin da yake faci a bakin titi, miyarki ya fi zurma wa hannu. Sauran suka bi shi ɗaya-ɗaya. Na ƙarshe Iro tela, maƙwabcinmu, abokina tun lokacin kaciya. Shi ba girman kai ya hana shi ba. Keken ɗinkinsa ya yi shiru, gidansa garin kwaki ake jiƙawa, kuma kin san Iro ba zai zo hannu rabbana ya ci na wani ba. Sai ya ƙirƙiro ciwon ciki.

Ana haka ɗan nan naki na fari, Magaji, ya zo da tasa dabarar ta ma'aikatan Abuja. Wai zaure ya zama kango, a fasa shi ta waje a yi shago, a ba masu cajin waya haya ko na samu na cefane. Yana durƙushe ya faɗa, da ladabinsa, amma na ga ya riga ya gama shawara. Matarsa kuwa daga gidansu na unguwar Bagama take aiko mini abinci a 'yar kula, daidai cikin mutum ɗaya, sai ka ce majinyaci. Na ce masa zauren da ake ci a cikinsa ba kango ba ne. Ya tambaye ni wa ke ci. Na dubi tabarma, ranar ba kowa a kanta.

Washegari na shiga madafarki. Na share murhu, na sauko da tukunyar ƙasar da kika sayo wurin Gwarawa a kasuwar Diko, na ɗauki muciyarki. Asabe, ashe tuƙin tuwo aiki ne. Hayaƙi ya cika mini ido, talge ya fantsamo mini a hannu. Matan 'yan haya suna leƙe suna ƙunshe dariya, wata ta ce in kawo ta taya ni. Na ƙi. Tuwon ya fito da gudaji kamar tsakuwa, miyar kuka ta yi ƙauri.

Sai na yi abin da kike yi in gari ya yi zafi. Kin zaci ban san kina karɓar langar gidan Iro ta kan katanga ba, ki zuba ki mayar, ya fito da ita kamar daga madafarsa. Na sani, shiru kawai na yi. Na kira matarsa, ta miƙo langar, na zuba na mayar mata.

Bayan magariba sai ga Iro da langa rufe da faifai, yana tafiyar ƙasaita. Na tsayar da Lawal, Bakatsinen nan ɗan hayarmu mai gadi a Abuja, wanda ya saba shigewa ɗaki da burodi a leda. Muka cinye tawa, aka buɗe ta Iro. Gudaji iri ɗaya, ƙauri iri ɗaya. Sai a nan na gane abin da ya sa kike raba miya, kuka a tawa, kuɓewa a tasa. Lawal ya dubi langa ya dube ni. Iro ya riƙe loma a hannu bai kai baki ba. Na ce a raina shikenan, na tona masa asiri a gaban baƙo, ya tafi ke nan. Can sai Iro ya ce, in dai asiri za a rufa masa, a riƙa tankaɗe gari. Ya yi dariya har da hawaye, ban tambaye shi na mene ne ba. Shi ya ce in gaya miki, tunda gudaji ya riga ya fallasa mu.

Tun ranar ba mu fasa ba. Lawal kan riƙo ƙosai ko ɗan kifi. Iro na fitowa da kwakinsa da ƙuli-ƙuli, kansa a ɗage. Wasu sun dawo. Alhaji kan wuce a mota ya ɗaga hannu. Akwai wuri a tabarma in ya sauko, amma ba zan aika a kira shi ba.

Ranar Lahadi Magaji ya sa aka sauke bulo, ya zo da magini su auna wurin, suka iso ana jera langa. Na ce wa maginin ya wanke hannu. Mutumin kirki, ya soke igiyar awonsa a aljihu ya zauna. Ɗanki ya daɗe a tsaye kafin ya tuɓe takalmi. Ya ci. Bai ce ya fasa ba, ni ma ban ce na yarda ba. Bulon na nan jibge a ƙofar gida, a kai muke ɗora buta.

Asabe, da la'asar nakan kasa kunne ko zan ji ƙarar muciyarki a bakin tukunya. Sai in tuna ni ne mai tuƙin, in tashi. Zauren nan kuwa, duk ranar da za a fasa shi, sai an fara fitar da ni ta cikinsa a makara.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa duk lomar da wani ya ci daga hannunki ta zame miki inuwa, Ya haɗa mu a inda ba yunwa.

Mijinki,
Ɗanjuma mai wankin hula,
Hashimi, Suleja.