Zagin Surukina Ya Faɗa Tagarsa

Malama mai shawara, ki taimake ni, abin da na ƙera da hannuna ya juyo ya sare ni.

Ni tsohon ma'aikacin kwamfuta ne. Na karance ta tun tana cika ɗaki guda, amma aka sallame ni aka kwaso 'yan latse-latse. Da zama ya ishe ni, sai na rubuta wa iyalina da abokaina manhajar hira, don su san kan nan bai mutu ba. Kowa da tagarsa ta hira a allon kwamfuta, kowace taga kuma na ba ta zarenta, wato ɗan aikenta na kanta, duk suna gudu lokaci guda. Mijin 'yata, wanda shi ma sana'arsa ke nan, ya ce kada in bar zare barkatai suna rubutu a allo ɗaya. Na tuna masa cewa ina wannan aiki yana zanen goyo.

Ranar Talata ina hira da shi, ina hira da wani abokin karatuna. Na rubuta wa abokin cewa surukin nan nawa holoƙo ne, hadarin kaka, ga digiri ga kai fanko. Tagogin suka sandare, suka farfaɗo, saƙon ya faɗa tagar surukin. Ya amsa da godiya, har yana tambayar ya ciwon gwiwata. Yau kwana tara 'yata ba ta ɗaga wayata, jikokina ko leƙe. Na bincika, kuskuren layi uku ne kacal a rubutun manhajar. A kan layi uku za a yashe ni?

Tsoho Mai Tagogi

Baba, sannu da wannan rashin sa'a. Manhajar ta ɓata adireshi, amma wasiƙar kai ka rubuta. Na yarda an ci mutuncinka a wurin aiki, kuma mai shekarunka da ya gina manhaja ya cancanci jinjina. Sai dai ba surukinka ne ya sallame ka ba.

Na tambayi masana. Sun ce zare ɗaya zai riƙe tagogin duka, sauran su riƙa miƙa masa saƙo bi da bi. Wato dai abin da yaron ya gaya maka.

Saboda haka saɓi kwamfutar ka je gidansu da ƙafarka, gwiwa ko ba gwiwa. Ka fara ba shi haƙuri a gaban 'yarka, kada ka ambaci manhaja. In ya sauko, ka roƙe shi ya gyara layi ukun nan, kana zaune, bakinka a rufe. Wannan ne zai fi maka wuya, na sani.

Allah ya huci zuciyar 'yarka, ya dawo maka da hayaniyar jikoki.