Ni Na Kai Wa Garba Labarin, Shi Kuma Za A Kora

Gwaggo Kaltume, don Allah ki taimake ni. Yau sati uku ke nan abinci ba ya yi mini daɗi, kuma a garinmu ba ni da wanda zan iya buɗe wa cikina.

Ni malamin firamare ne a Bodinga. Bara waccan, da muka ga siyasa ta sa maƙwabci ba ya gaida maƙwabci, ga tsuke bakin aljihu har sabulu sai an bi layi, sai mu biyar muka kafa wani taro, muka sa masa suna Dandalin Alhamis. Duk sati biyu mukan haɗu bayan la'asar, wannan karo a Bodinga, na gaba a Shagari. Malamin gona ko na asibiti ya yi lacca, wani ya karanta waƙar da ya rubuta, a rufe da barkwanci, a watse kafin magariba. Ba mai biyanmu. Benci da kanmu muke ɗaukowa daga makaranta, lasifika ta aro ce, batirin ma na motar wani direba ne, ranar da ya yi tafiya sai kowa ya ɗaga murya. Ni ne sakatare, ni nake tsara wa zai fara, wa zai biyo baya.

Ina kuma koyar da manya a ajin yaƙi da jahilci. Cikin ɗalibaina akwai Malam Sodangi, manomin albasa daga Danchadi, ya ba sittin baya. A keke yake zuwa, bai taɓa fashi ba. Mutum ne mai karatun Muhammadiyya, ajami kuwa ni ma sai dai in koya a wurinsa, amma ya ce ba zai mutu ba sai ya iya boko. Ya tsara waƙa a kan noman fadama, ya rubuta ta da boko da hannunsa, ya roƙe ni in ba shi fili ranar da za mu je Shagari. 'Yarsa Safinatu can take aure, yana so surukansa su ji.

Sati biyu muna gwaji ni da shi kaɗai bayan an tashi aji. Yana da wata ɗabi'a. Saboda sabo da ajami, sai ya ɗora yatsa a hannun dama na takarda, ya yi shiru, sannan ya tuna, ya yi a'uziyya da ƙarfi, ya koma hagu. Gwaggo, abin da ban dariya, kuma ni bakina ba ya riƙe magana. Na je shagon Garba tela, mai yi mana barkwanci, na kwaikwaya masa har da yatsan. Mahaifiyar Garba ƙanwar mahaifin Malam Sodangi ce, wato taubasai ne, kullum suna tsokanar juna a kasuwa. Sai na ce a raina ai wasan taubasai ba ya zama faɗa. Ni na ce masa ya sa abin a wasansa. Kuma ranar taron Shagari, da na ga mutane suna shirin tafiya bayan lacca, ni na sauya tsari, na kira Garba kafin dattijon.

Garba bai ambaci suna ba, amma har tarin Malam Sodangi ya yi. Fili ya kece da dariya, ni ma ina ciki. Sai da na waiwaya na ga surukan a bencin gaba sun sunkuyar da kai, sannan na gane ɓarnar da na yi. Da na kira sunan dattijon, ya miƙe, ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya tura kekensa ya tafi. Tun ranar bai sake zuwa aji ba. Na aika a gaishe shi, aka ce yana amsawa, shi ke nan.

Yanzu mutanen Shagari sun ce ba za su sake shimfiɗa mana tabarma ba sai an hukunta Garba. Shugabanmu Malam Maniru ya ce in rubuta takardar korarsa in kawo ranar Alhamis. Kowa ya ɗauka Garba ne ya tsinto abin da kansa a matsayinsa na ɗan uwa. Garba bai tona ni ba, in mun haɗu sai dai ya kawar da kai. Sau huɗu ina fara takardar ina yagawa. In na faɗi gaskiya, da wane ido zan kalli sauran ɗalibaina, wa zai sake yarda ya yi kuskure a gabana? In na yi shiru, an kori mai ƙaramin laifi an bar babban. Kunya ta ishe ni, Gwaggo. Ya zan yi?

Mai Nadama, Bodinga.

Ɗana Mai Nadama,

Ba zan shafa maka mai a baki ba, ka ci amana. Dattijo ya ajiye girmansa a ƙofar ajinka, ya yarda ka ga inda yake tuntuɓe, kai kuma ka kwashe ka kai shagon tela. Wasan taubasai gaskiya ne, amma nasu ne su biyu, a bakin kasuwa, inda wanda aka tsokana zai rama nan take. Ba a ɗora shi a lasifika, balle a gaban surukai. Wannan ko yarinyar da ke talla ta sani.

Garba ma ba wankakke ba ne. Ba yaro ba ne, yana da idanu, ya ga waɗanda ke bencin gaba. Amma ya sha zagi sati uku bai ambaci sunanka ba, kuma kai ne za ka sa hannu a korarsa? Ajiye alƙalamin nan.

Kada ka jira Alhamis. Gobe ka nemi wani dattijo da Malam Sodangi ke jin nauyinsa, ya raka ka Danchadi. Ka durƙusa ka faɗa masa duka, har da cewa kai ka sauya tsari. Ban da kawo hujjar taubasantaka, ya fi ka saninta. Ina kyautata zaton ma ya riga ya gane, don ya san su wa ke cikin ajin nan lokacin gwaji. Daga can ka wuce wurin Malam Maniru. In an zauna taro, ka miƙe ka wanke Garba da bakinka, sannan ku je tare ku ba surukan haƙuri, tunda a idonsu aka yi abin. In 'yan uwanka suka ce ka sauka daga sakatare, sauka, ka koma ɗaukar benci.

Dandalinku abin kirki ne, a wannan marra da kowa ke ɗaure fuska ana bukatar wurin dariya. Ku riƙe shi, amma ku sa doka: duk wanda za a kwaikwaya, a fara neman izininsa.

Tsoron da kake yi na sauran ɗalibanka yana kan hanya, wasu za su ja baya na ɗan lokaci. Sai dai manya sun fi yarda da malamin da ya amsa laifinsa a kan wanda aka bankaɗo daga baya.

Mai yiwuwa dattijon ya yafe maka amma ya ƙi sake tsayawa gaban jama'arku. Kada ka matsa masa, ba don ya wanke maka zuciya ya rubuta waƙarsa ba. Abin da za ka roƙa shi ne ya koma karatu. In ya ce ba zai iya zama gabanka ba, ka nemo masa wani malamin, ka haɗiye wannan ma.

Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya sanyaya ran Malam Sodangi, Ya kai ka Danchadi lafiya.

Gwaggo Kaltume