Buhu Biyu a Bayan Taya

Sentul, Kuala Lumpur
26 ga Satumba, 2021

Hajiya Hureira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da mutanen gida baki ɗaya. Yaya ƙafar tata? Ni lafiya ƙalau, sai kewa. Wata goma sha takwas ke nan da kika tafi Kano duba ta na sati uku, cutar nan ta sa aka rufe iyaka a bayanki. Takardar dawowarki ba ta fito ba tukuna, amma ina bibiya.

Kin tambayi dalilin da nake rubutu da biro in ɗauki hoto in turo, alhali ga waya. A waya da na fara magana sai ki ce in yi haƙuri. Takarda kuwa ba ta katse ni.

Ana sa ran wata mai zuwa za a buɗe hanya tsakanin jihohi ga waɗanda suka yi rigakafi. Da na ji, na rufe shago a Chow Kit da wuri na tafi duba karaban ɗinmu, ɗakin nan mai taya da kika sa wa suna Rumbu saboda tarkacen da nake cusa masa. Yana nan a filin bayan gareji inda muka bar shi. Funfuna ta ci katifu, batir ya mutu, tayoyi sun fara tsattsagewa. Tayar da ta shekara a tsaye ba abar yarda ba ce ko da zanenta bai cinye ba, don haka na canza su har da ta ajiya. Na shafa ruwan sabulu a bututun gas, bai yi kumfa ba. Kwana uku ina goge-goge da murna, a raina ina cewa ranar da aka buɗe hanya zan ɗauki 'yar taki ta fari, wadda kin san bakina ba ya kama sunanta, mu tafi bakin teku kamar da.

Sai ga ta ranar Juma'a ita da mijinta Fa'iz. Ya durƙusa ya gaishe ni ta cikin takunkumi, ya koma gefe yana kallon ƙasa. Ita ce ta yi magana. Wai tunda cikin kulle aka ɗaura musu aure, mutum goma, ke ma a waya kika kalla, ba su taɓa zuwa ko'ina ba. Suna so in ara musu Rumbu su je Kuantan, can bakin teku. Ba ta ce mu je ba, Hajiya. Ara ta ce. Sai ta langaɓe kai irin na ƙuruciyarta: “Boleh lah, Abba, ka yarda mana, sati ɗaya kawai.”

Na ba ta makulli. Me zan ce?

Kin tuna tun tana 'yar shekara tara ita ce mai tsaya min a baya in zan yi ribas? Mu biyu muka ƙirƙiri alamunmu. Tafin hannu sama, taho. Yatsa biyu hagu ko dama, karya. Dunƙulen hannu, tsaya. Ita ke sa weji a tayoyi, ita ke duba fitilu in na taka birki. Yanzu duk maganar da ta fito bakinta, Fa'iz ya ce, Fa'iz ya gani a bidiyo. Yaron da bara waccan ya samu lasin. Ya sayi akori-kura, ya sa mata ƙugiyar ja, shi ke nan ya zama gwani. Ni da na tashi a gidan direban tirela na zama mai ajiyar makulli.

Kada ki yi dariya. Ki gaishe da Inna, ki ce ina mata addu'a.

Mijinki,
Alkasim

*

Sentul
9 ga Oktoba, 2021

Hajiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya, jikin Inna kuma da sauƙi. Saƙonki ya zo, na saurare shi sau biyu. Kin ce kishi nake yi da surukina. Na farko na ji haushi, na biyu na ce to, kishin ne, sai me? Shekara ashirin da huɗu ina rainon yarinya, wani ya zo cikin wata takwas ya kwashe kunnuwanta duka biyu.

Bari ki ji abin da ya yi wa Rumbu. Ya ɗora faifan hasken rana a rufi. Ya sa ƙaramin firiji. Kantar nan da na ƙera da hannuna, inda kike jera kofuna, ya cire ta wai tana tare iska. Abin da ya fi ci min rai shi ne aikin ya yi kyau. Na zagaya sau biyu ina neman waya ɗaya da ya bari a sake, ban samu ba.

Sannan ya maƙala wa Rumbu kyamara a baya. Ranar Lahadi suka zo gwajin ribas a fili, na zauna a kan benci da shayin da na sayo a leda daga mamak, masu shayin nan na bakin titi, wai ni ba kallonsu nake yi ba. Na zuba ido in ga ta fita ta tsaya a baya. Ba ta fita ba. Tana zaune kusa da shi suna kallon allo suna dariya. Sau huɗu Rumbu yana karyewa gefe, don bai san cewa a ƙasan sitiyari ake ajiye hannu ba, inda hannu ya nufa nan bayan karaban zai nufa.  A karo na biyar ya shigar da shi, ta tafa masa. Ni ban tuna ranar da aka taɓa tafa min ba.

Na rubuta musu takarda, shafi biyu, ga ta nan a aljihuna. Na ce in an ɗora ƙugiya a kan ƙwallon ƙarfe kada a yarda da ƙarar kamawa kawai, a murɗa jak sai an ga bayan mota ya ɗaga. A gitta sarƙoƙi biyu a ƙarƙashi. A rufe tukunyar gas kafin a tashi. A zubar da ruwan tanki, a cika a can. A ƙara dogayen madubai. A gangara a sa ƙaramar giya, kada a kwanta a kan birki. Babba a cikinsu na ja masa layi biyu: kaya masu nauyi a ƙasa, a kan tayoyi ko gabansu kaɗan, ba a baya ba. Har na rubuta yadda nake auna nauyin goshin Rumbu da sikelin banɗakinki da guntun katako, sikelin da kika yi wata guda kina nema.

Kin ce in ba shi. Ta yaya? Surukina ne. In na shigo wuri ya miƙe, in na yi magana ya sunkuya. Ni ba zan zaunar da shi kamar ɗan makaranta ba, shi kuma ba zai ɗaga ido ya tambaye ni ba. Haka aka tarbiyyantar da mu duka biyu. Ita ce ya kamata ta tambaya, ita kuwa ta samu wanda ya fi ni sani. In suna so, sun san shagona.

An sanar za a buɗe hanya jibi. Za su tashi Asabar mai zuwa. Ki gaida kowa da kowa.

Naki,
Alkasim

*

Sentul
17 ga Oktoba, 2021

Hureira,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Kafin komai, su biyun lafiyarsu ƙalau, ko ƙwarzane babu. Na san ta kira ki. Amma ba ta gaya miki nawa ba, shi zan rubuta, ki zauna kafin ki karanta.

Jiya da hantsi na je fili rakiya. Na tarar yana loda kaya. Ashe ya tara wa ɗalibai 'yan ƙasarmu da kulle ya galabaita a can Kuantan abinci: shinkafa manyan buhu biyu, jarkokin mai, katan-katan na taliya. Ko wannan sai da ya sosa min rai, don ni ban yi tunaninsa ba. Bayan akori-kurarsa cike yake da kekuna da tanti, sai ya buɗe ma'ajiyar ƙarƙashin gado, can ƙarshen Rumbu, bayan tayoyi, ya jera buhunan da jarkokin. Ya ɗaure janareta a kan ƙarfen baya. Ina tsaye ina gani. Da ya zo haɗawa, da hannu ɗaya ya ɗaga goshin Rumbu, abin da ni sai na sa jak. Ya yi murmushi ya ce mata ba shi da nauyi. Ni na san ma'anar wannan rashin nauyin tun ina yaro.

Ta juyo ta kalle ni. Hannuna yana kan takardar a aljihu. Na ce wa kaina kunyar suruki ce. Ƙarya nake yi, Hureira. Abin da ke raina shi ne, bari su hau titi, Rumbu ya ɗan yi musu rawa, ya tsorata, su tsaya a gefe, ita ta ɗauki waya ta ce Abba, yaya ake yi. Wannan kiran nake so. Na ce musu Allah Ya kiyaye hanya, na ɗaga hannu.

Ban kai shago ba na tsayar da mota a gefe. Na tuna hanyar Karak da za su bi, da gangaren da ke bayan ramin dutse, da yadda manyan motoci ke wucewa da iska. Na kira ta, ba ta shiga. Na kira shi, karo na farko tun da aka ba ni lambarsa, ba ta shiga. Na zauna a mota a bakin kasuwa fiye da awa guda ina kira.

Kiran da nake so ya zo da azahar. A gangaren, wata doguwar bas ta wuce su, bayan Rumbu ya fara kaɗawa hagu da dama, yana jan motar. Shi ya kai ƙafa birki. Ita ta riƙe masa gwiwa ta ce ya ɗaga ƙafa daga totur kawai, kada ya taka komai, ya riƙe sitiyari a miƙe. Abin da na sha faɗa mata tana yarinya ke nan. Ya ji maganarta. Gefen Rumbu ya goga da ƙarfen bakin titi, taga ta fashe, firijin ya tsinke ya farfasa kabad, amma motar ba ta kife ba. A wurin hutawa na gaba ita da kanta ta sa aka dawo da buhunan kan tayoyi.

Kin san ta, in tana min magana rabi Turanci ne rabi Malay. Jiya Hausa zalla ta yi, a hankali.

“Abba, na ga idonka a kan buhunan nan da safe. Raina bai kwanta da su ba. Amma da ka yi shiru sai na ce ai da akwai matsala da Abba ya faɗa.”

 Daga nan ta ce sai sun dawo, ta ajiye.

Ashe duk wannan lokacin ni take duba. Ki faɗa min duk abin da za ki faɗa, wannan karon ba zan ce kin katse ni ba.

Alkasim

*

Sentul
25 ga Oktoba, 2021

Hajiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Na ji saƙonki. Ba ki faɗi abin da ban cancanta ba.

Sun dawo jiya. Ni na je unguwarsu, Wangsa Maju, da motata don in jawo Rumbu. Fa'iz ne ya sauko shi kaɗai. Ya durƙusa yana ba ni haƙuri, wai ya lalata min kaya, laifinsa ne da bai tambaya ba. Na ce ya tashi. Na gaya masa na ga buhunan, na san abin da za su yi, na yi shiru, kuma ba kunya ce ta sa ba. Bai ɗago ba, amma ya ji. Na ba shi takardar, duk ta yamutse, na ba shi sikelin da katakon. Ki yafe min sikelinki.

Na tambayi mutuniyar. Ya ce tana sama, kanta na ciwo.

Wurin da suka ajiye Rumbu matsattse ne, sai da ribas ake fita. Kyamarar ta fashe a hanya. Na haɗa, na murɗa jak, na gitta sarƙa, na shiga na kalli madubi kamar yadda na saba. Akwai mai tsaya min a baya. Tafin hannu sama, yatsa biyu dama, dunƙule. Alamunmu ne, ko ɗaya bai kuskure ba, ita ta koya wa Fa'iz a Kuantan. Na bi hannun nasa har na fita. Na daɗe a bakin ƙofa injin yana aiki, ina kallon tagar hawa na shida. Labulen bai motsa ba.

Na kira sau biyu yau, ba ta ɗauka ba. Ke tana ɗaukar naki. Don Allah ki kira min Kausar. Ga shi na rubuta sunan. Kada ki roƙe ta ta yafe, wannan ni zan roƙa. Ki ce mata kawai ranar Lahadi ina fili ina gyaran taga, daga safe har la'asar, kuma ba zan tashi da wuri ba.

Allah Ya dawo min da ke lafiya.

Mijinki,
Alkasim