Ka Cire Sunana Daga Biyar Ɗinka

Zuwa ga aminina Bashar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, a can inda ƙwallon kwando ta kai ka. A fili ka ambace ni, shi ya sa nake ba ka amsa a fili.

Na ga abin da ka rubuta a shafinka ranar da manyan ƙungiyoyin Amurka suka zaɓi sabbin 'yan wasa. Ka ce da kai ne mai ƙungiya, ga biyar da za ka ɗauka: gwanayen duniya huɗu, sai mai raba ƙwallo, wai Nura na Yelwa. Ni ke nan. Jama'a sun yi ta yabonka, wai ba ka manta gida ba. Ina bakin ruwa ina kwance injin kwalekwale, hannu duk baƙin mai, aka miƙo mini wayar. Wallahi raina ɓaci ya yi.

Ka tuna filin sumuntin makarantarmu, wanda sai mata sun kwashe shanyar shinkafa muke samun wuri? Ragar kwandon ma daga tsohuwar komar babana muka yanko. In mun gaji mu zauna gindin mangwaro, ka zaɓi ɗaya in zaɓi ɗaya, har kowa ya haɗa biyar ɗinsa cikin 'yan wasan talabijin. Ni dogaye nake wawura, kai kana mini dariya. Kullum maganarka ɗaya: "Tsawo ba ya ba da ƙwallo, mai ido ake fara ɗauka." Ni wawa, na ɗauka da ni kake.

Sai shekarar da mutumin wata ƙungiya ta Legas ya zo Birnin Kebbi, ya ɗauke ka, ya ce ka kawo mutum ɗaya cikin abokan wasanka. Ɗaya tak, Bashar. Ka kira Haliru Dogo na Wara, wanda in an jefa masa ƙwallo sai ya runtse ido. Wata huɗu ya yi aka sallamo shi.

Na auna zaɓen nan sau ba adadi. Wataƙila ni ma Dogon zan ɗauka, tunda tsawo mutumin ya zo nema. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne shirunka. Kwana uku muna cin tuwon Innata a kwano ɗaya, ka sani, kana kallona ina wanke takalmi ina shiri. A bakin direban tasha na ji kun wuce.

Yanzu da ba mota, ba gwaji, ba mai ce maka a'a, ka tura ni gaban gwanayen duniya. Haba Bashar! Ihu bayan hari ke nan.

Duk da haka ba wasanka da na bari ya wuce ni. Da aka ce gwiwarka ta goce, kwana biyu abinci bai shiga bakina ba. Inna har yau tana tambaya yaushe ɗanta Bashar zai zo ya ci kifi, ni kuwa ina ta yi mata ƙarya a madadinka.

Ka cire sunana. Ba yabo nake nema ba. Lambata ba ta canza ba, ka kira ka faɗa mini da bakinka cewa ba ni ka ɗauka ba. Shekara goma sha biyu wannan kaɗai nake jira.

Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya tsare ka da zuriyarka. Ni kuma ya wanke mini zuciya a kanka, don na gwada ni kaɗai, na kasa.

Naka har yanzu,
Nura