Notin Gwangwanin Baba

Ravenshoe

Ƙanwata Noreen,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, saƙonki ya iso. Ki daina kirana a waya, kin san kunnen ya tafi, kuma ko yana nan ba abin da ake faɗa yanzu da ya cancanci saurare.

Ki gaya wa jikarki Tegan alkawari yana nan. Ni zan kai ta coci ranar aurenta a motar Baba, da farin ƙyalle a goshin motar, kamar yadda na kai ki, na kai uwarta. Na ɗaga motar a jak zan sauya takalman birki. Ba zan kai wa yaran garejin nan ba, sai kwamfuta ta ba su izini suke kwance noti. Shekara talatin ina koyar da lissafi, birki ba zai gagare ni ba.

Yayanki,
Lindsay

Cairns

Yaya Lindsay,

Gaisuwa da yawa. Sannu Shugaban Makanikai! Tegan ta yi tsalle da ta ji. Ta ce ba ta son motar haya, ta Baba take so, mai warin fetur da tsohuwar taba. Hanyar saukowa daga dutsen naku ce kawai ke tsorata ni, kwana bayan kwana ga rami a gefe. Amma tunda kai ne, hankalina kwance yake.

Ka ci abinci na gaske, ba burodi da shayi ba.

Taka,
Noreen

Ravenshoe

Noreen,

Ina gaisuwa. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Notin da ke riƙe kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, ya suɓuce mini ya faɗa magudanar ruwa. Na ɗauko gwangwanin da Baba ke tara noti a ciki na zaɓi mai kama da shi. Na manta an ƙera motar a shekarun da ƙasar nan ke barin inci tana komawa milimita: wasu notinanta na da ne, wasu na sabon awo. Na Baba duk inci ne. Ni da na tsaya gaban allo ina koya wa yara wannan sauyin! Notin ya fara shiga, ya cije. Maimakon in tsaya, na zura bututu a sifana na danna da ƙarfi. Sai ya saki. Haƙoran ramin da notin ke shiga suka fito a yatsana kamar garin azurfa.

Abin yana da gyara. A faɗaɗa ramin da injin huda, a yanka sababbin haƙora, a murɗa wata waya mai kama da sifirin a ciki, noti ya sami abin kamawa. Na yi odar kayan, na yi duka. Sai dai aikin yana son hannu tsayayye, nawa kuwa rawa yake yi, Noreen. Ya daɗe yana yi, ban gaya wa kowa ba. Ramin ya ɗan karkace.

Notin ya ɗaure. Na zagaya gari, birki yana ci. Ba wanda zai leƙa ya gane. Na ma goge farin ƙyallen. Sabon ƙarfen da zai maye gurbin wanda na lalata, irin na wannan mota, sai an nemo daga kudu, ba zai iso kafin bikin ba. Ki ce mini wani abu.

Lindsay

Cairns

Yaya,

Gaisuwa. Kai dai ba ka canzawa. Kana zaton makafi ne mu? Tun Kirsimeti na ga kana cewa a zuba maka rabin kofi, kai da kake sha har ya zubo. Tegan ce ma ta fara lura, ta ce kada a yi maka maganar, za ka kumbura kamar kwaɗon gonar rake.

Ba zan ce maka ka zo da motar ko kar ka zo ba. Ni ban san birki ba. Kai ka ga ramin, kai ka san hanyar, kai ka san wadda za ta zauna a baya. Ban gaya mata komai ba. Abin da ka rubuto shi zan faɗa mata.

Taka har kullum,
Noreen

Ravenshoe

Noreen,

Gaisuwa. Na mayar da motar kan jak, na cire ƙafarta don kar zuciyata ta sauya. Ku ɗauki motar haya. Ga ƙyallen nan cikin ambulan, a ɗaura shi a goshin motar. Ki gaya wa Tegan gaskiya, har da hannun.

Zan sauko a bas ranar Alhamis. A wurin liyafa ku zaunar da ni inda ba a kallo sosai, kuma a cika mini kofin. In ya zube, ya zube.

Yayanki,
Lindsay