Na ƙi kunun kanwa, Inna ta daina yi mini magana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma mai shirin cewa in koma shan kunun kanwa kada ma ya wahalar da yatsunsa.

Ni 'yar Dakko ce, ina aure a Talata Mafara. Haihuwar fari na yi, aka kai ni gida wankan jego wurin Inna, mahaifiyata. Kun san yadda ake yi, tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma, kunun kanwa cike da kwano, ga garwashi a ɗaki. Duk na yi, ban yi gardama ba. Bayan an yi suna ƙafafuna suka kumbura, zobe ya ƙi fita a yatsana, in na kwanta numfashi ya sarƙe sai na jingina da bango, ɗaukar jaririyar ma haki nake. Inna ta ce sanyi ne ya shige ni, ta ƙara itace, ta ƙara kanwa.

Mijina ya zo duba mu, yana ganina ya sa ni a mota sai asibiti. Aka yi hoton zuciya. Likita ta ce zuciyata ta yi rauni, ba ta tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafafu da huhu, kanwa kuma riƙe ruwa take a jiki kamar gishiri, zafin nan yana ƙara wa zuciya aiki. Ta ba ni magunguna har da mai sa fitsari, ta hana ni kanwa, ta ce in rage gishiri da magi, wanka da ruwa mai ɗumi kawai, in kumburi ya dawo in koma da gaggawa. Wallahi ba a jima ba na kwanta na yi barci kamar kowa.

Da na koma Dakko Inna ta dama kunu ta ajiye gabana, na ce ba zan sha ba. Gwaggona da maƙwabta suka taru a kaina, wai boko ya lalata ni, wai su da suka haifi goma da kanwa suka miƙe. Na ce Allah ya ƙara musu lafiya, tawa zuciyar ba irin tasu ba ce. Sai Inna ta kawo zancen yayata da ta rasu da jego shekarun baya, ta ce, "Ita ma haka tar riƙa gudun ruwan zahi, sanyi yak kashe man ita, ke ma so kike in ruhe ki?" Tun ranar ba ta ƙara yi mini magana ba. Jikarta take ɗauka, ni ko kallo.

Ni kuwa na tuna yayata sarai. Ƙafafunta sun kumbura kamar nawa, a zaune take barci, sai da numfashi ya gagare ta ta fara gudun ruwan, kunun kuwa har ƙarshe tana sha.

Mijina ya ce in tattara in koma Mafara. Kunu dai ko duk Dakko za su taru ba zan sha ba, ina so in raini 'yata da hannuna. Amma na san tsoro ne ke cin Inna, kuma raina ba ya son in bar ta haka. To ku faɗa mini, in tafi tana fushi da ni, ko in dubi idon uwata in ce kunun da ta dama da hannunta yana cikin abin da ya tafi da 'yarta ta fari?